Wayar Jirgin Ɗanmaliki

Shekara huɗu Ɗanmaliki ya yi yana tuƙa wani injiniya Bature, lokacin da ake gina madatsar ruwan Challawa. Da aiki ya ƙare Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya rarraba wa ma'aikatansa kayan gida. Kuku ya sami tukwane, mai gadi ya sami bargo da tocila, shi kuwa Ɗanmaliki aka miƙo masa wani dogon kwali. Ko bai buɗe ba ya san abin da ke ciki, don shi ya saba sauko da shi daga bayan mota. Ɗan jirgin ruwa ne ja da fari, tsawonsa kamu biyu, da rimot ɗinsa mai doguwar eriya.

"Ya lalace," in ji Baturen da 'yar Hausarsa. "Waya ta tsinke a ciki. Ka ajiye a ɗaki, ado."

Ɗanmaliki ya kai shi gidansa a Ƙaraye ya ɗora bisa kabad. Da a nan maganar ta tsaya, da ba a yi komai ba. To amma wata rana da yamma, a majalisarsu ta gindin durumi, ya ba da labarin yadda kowace Lahadi yakan kai Baturen wani lungu na bakin ruwa, shi kaɗai da shi, a saki jirgin ya yi ta sharara gudu ba kowa a ciki, in an kira shi kuma ya juyo ya dawo har gaban mai shi.

Ƙasimu ne ya fara dariya. Taubashin Ɗanmaliki ne, tsohon magatakarda a ofishin hakimi, mutum mai baki kamar reza.

"Ya dawo da kansa? To in ya iso yakan yi sallama, ko kuwa gyaran murya yake yi?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Ɗanmaliki ya rantse, ya je gida ya ɗauko jirgin ya nuna musu. Suka jujjuya shi, suka ƙwanƙwasa cikinsa. Ƙasimu ya ce, "Ai mun gani, abin wasan yara ne mai kyau. Sa shi ya tafi. Gani ya kori ji."

Jirgi kuwa ko motsi. Tun daga ranar sunan Ɗanmaliki ya koma Direban Aljanu. Wasan taubasai ne, kowa ya sani, shi ma yakan yi dariyar yaƙe ya rama da abin da ya samu. Amma mutum ne da ya yi shekara talatin a kan sitiyari ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, abin yana ci masa rai fiye da yadda suke zato. Shekara biyu ana haka. Da kakar 1994 ta kama, ya ɗaure kwalin a bayan babur ɗinsa ya nufi Rogo.

A Rogo ƙanwarsa Hajo take aure. Mijinta Muntaka mai gyaran rediyo ne da kaset, yana da ɗan shago a bakin kasuwa, kuma an san shi da abu guda: in abu ya gagare shi ba ya iya cin tuwo da daɗi. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiyar hanya da yadda amfanin gona ya yi, Ɗanmaliki ya kwance kwalin a tsakar gida.

"Ga abin da ya kawo ni. In ba zai yiwu ba ka gaya mini gaskiya, in mayar da shi bisa kabad."

Muntaka ya cire murfin jirgin, ya daɗe yana leƙen ciki. Ɗan injin lantarki ne a tsakiya. Daga bakinsa wani siririn bututun tagulla ya lanƙwasa ya bi ta ƙasan jirgin ya fita ta baya, inda farfela take. A cikin bututun akwai wayar ƙarfe mai laushi, wadda aka tufka da ƙananan silin waya kamar igiya. Inji ya juya ta, ita kuma ta juya farfela. Ya zaro ta a hankali, ta fito gida biyu.

"Yaya, bar mini shi sati guda," in ji shi.

Rimot bai ba shi wahala ba, tsatsa ce kawai ta ci mazaunin batir. Batirin jirgin ya mutu murus, ya maye gurbinsa da na fitilar caji guda biyu. Sauran waya. Ya zaga kasuwa da guntun a aljihu, har wani makaniken babur ya dube shi ya ce ai wannan kusan ɗaya take da wayar mita, wadda ke tashi daga tayar gaba ta juya allurar da ke nuna gudu. Muntaka ya karɓi guda biyu. Ya yanka daidai tsawo, ya shafe bakunan da dalma don kada su tarwatse, ya ɗaura.

Ranar da Ɗanmaliki ya dawo suka tafi wani kududdufi a bayan gari, su biyu. Muntaka ya ɗora jirgin bisa ruwa ya tura ɗan sandan rimot. Inji ya yi ƙara, ruwa ya tashi fari a baya, jirgi ya zabura. Ɗanmaliki ya buɗe baki zai yi kabbara sai suka ji ƙas! Injin ya ci gaba da kuka shi kaɗai, jirgin ya tsaya cik a tsakiyar ruwa yana lilo. Da gora suka jawo shi.

A gida Muntaka ya shimfiɗa sabuwar wayar da ta tsinke kusa da tsohuwar ta Bature. Ya gwada su. A wuri ɗaya suka tsinke, ko ɗan yatsa bai raba ba.

"To, ba laifin waya ba ne," in ji shi. "Akwai abin da ke cin ta a nan."

Ya kwance bututun ya ɗaga shi ga hasken rana. Daidai inda ya lanƙwasa akwai ɗan lotsawa, kamar an taɓa buga jirgin a kan dutse. Lanƙwasar ta yi tsanani a nan, duk juyin da waya za ta yi sai ta karye wuya ta miƙe, ta karye ta miƙe, har ta gaji. Ya tankaɗe yashi mai laushi ya cika bututun, ya toshe bakunan biyu, ya gasa shi a garwashi, sa'an nan ya bi shi a hankali bisa gwiwarsa har lanƙwasar ta koma kamar bakan gizo, ba kusurwa ko ɗaya. Ya zazzage yashin, ya wanke da kananzir, ya cusa giris. Ya sa waya ta biyu.

Wannan karon jirgin ya kai ƙarshen kududdufin. Muntaka ya juyo da shi, ya ƙara wuta kaɗan, sai ƙarar injin ta canza, jirgin ya yi sanyi ya tsaya. Da suka buɗe, wayar ba ta rabu biyu ba. Kusa da inji ta kumbura ta tarwatse, silin ya miƙe ta ko'ina kamar tsohuwar tsintsiya.

Ɗanmaliki ya koma Ƙaraye jiki a sanyaye. Muntaka kuwa kwana uku yana zaune da wayar a hannu. Ya auna inji, daidai yake da bakin bututu. Ya duba farfela, ba ta lanƙwashe ba. Ya zargi giris, ya zargi batir, ya zargi dalmarsa. Rediyoyin mutane suka taru a shago ba wanda ya taɓa.

Rana ta uku da hantsi yana zaune a inuwar rumbu, Hajo tana gefe tana tufka igiyar rama da za ta ɗaure akuyarta. Ta ajiye masa kunu ya huce bai sha ba.

"Malam, wai me wannan ƙarfen ya yi maka ne? Miƙo in gani."

Ya miƙa mata don kawai ta ƙyale shi. Ta juya wayar a tafin hannu, ta kai ta kusa da ido.

"Ai wannan ba tsinkewa ta yi ba. Warwarewa ta yi."

"To mene ne bambancin? Ta lalace dai."

"Da bambanci mana." Ta ɗauko igiyarta, ta taka baki ɗaya da ƙafa, ta riƙe ɗaya. "Duba. In na murza ta nan, tufkar ƙara ɗamewa take yi. In na murza ta can fa?" Ta murza, igiyar ta buɗe, zaren rama ya rarrabu. "Injin naka ta wane gefe yake juya ta? Ina jin kai kana tufka shi yana warwara."

Muntaka ya miƙe tsaye har ya kusa kifar da kunun. Ya ɗauko guntun wayar Bature ya jera da ta babur. Sai yanzu ya gani. Tufkar ta Bature ta kwanta ta hau hagu, ta babur ta hau dama. Injin yana ɗame waccan, yana kwance wannan.

"To in na juya ta, kai ya koma gindi?"

Hajo ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Malam! Juya igiyar nan ka gani. Ko ka rataye ta a sama, yadda aka tufka ta haka take."

Ya juya, haka ne kuwa. Ya zauna ya shanye kunun da sanyinsa.

Neman waya mai tufkar hagu ya ɗauke shi kwana biyar. Duk makanikan babur na Rogo ya bi, ya leƙa garin Gwangwan wajen wani mai tara tsofaffin ƙarafa, bai dace ba. Masu gareji suka riƙa kallonsa yana ɗaga waya ɗaya bayan ɗaya yana ƙura mata ido kamar mai duban ƙwai. A ƙarshe a Ƙaraye ya samu, a jikin wata tsohuwar mota da kaji suka mayar gidansu. Doguwa ce, ta isa a yanka biyu. Ya sa rabi, ya naɗe rabi ya jefa cikin jakar kayan aiki. Da zai ɗaura farfela ya matse ta sosai har ta manne da bakin bututu, don shi a aikinsa ba ya son abu yana girgiɗi. A kududdufi jirgin ya je ya dawo sau shida lafiya lau, ko da yake wurin bai da faɗin da za a sake masa wuta duka.

Ɗanmaliki da ya ji labari bai iya haƙuri ba. Kafin Muntaka ya ce a ƙara gwadawa, ya riga ya shaida wa majalisa cewa ranar Asabar bayan azahar kowa ya zo bakin dam.

Suka zo kuwa, har da waɗanda ba a gayyata ba. Masunta suka bar gyaran koma, mata masu suyar kifi suka miƙe tsaye daga bakin kaskonsu. Ƙasimu ya zo da babbar riga da lema, ya ce ya zo ne ya gaisa da aljanu. Muntaka ya ɗora jirgin bisa ruwa ya miƙa wa Ɗanmaliki rimot. Tsohon direban ya karɓa. Ya yi bisimilla ya tura sandan har ƙarshe.

Jirgin ya ɗaga hanci ya tsaga ruwa kamar an harba kibiya. Mutane suka ɗau salati. Ya yi nisa har ya koma ɗan ɗigo ja. Ɗanmaliki ya karkata sandan zai juyo da shi, sai farin ruwan da ke bayansa ya kwanta. Daga nesa ana jin injin yana kuka a banza.

Sai muryar Ƙasimu.

"To, ya tafi, mun shaida. Amma ko ƙwarya ka ɗora bisa ruwa ai tana tafiya. Dawowar muka zo gani."

Wani masunci da ake kira Barau ya shiga kwalekwalensa ya je ya ɗauko jirgin. Kafin ya iso rabin mutane sun watse suna dariya. Ɗanmaliki ya zauna a kan wani dutse, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Muntaka, bar shi haka. Na wahalar da kai, na kuma kunyata kaina. Mayar da shi kwali."

Muntaka kuwa ya riga ya buɗe murfi. Wayar ta tsinke tsaf a can baya, dab da farfela, kuma Allah Ya taimaka farfelar ta maƙale ba ta faɗa ruwa ba. Bututu lafiya, tufka daidai. Amma da ya duba gindin farfelar sai ya ga ya goge yana ƙyalli kamar sabon kwabo, bakin bututun ma haka, har ya yi ɗan shuɗi irin na ƙarfen da ya sha zafi. Abu biyun nan sun gogi juna da ƙarfi.

"Yaya, ina so ka tuna mini. In Baturen nan zai saki jirgin, me da me yake yi? Kada ka bar komai, ko da tari ne."

Ɗanmaliki ya yi tsaki, amma ya fara lissafi. Baturen yakan zaro wayar ya shafa mata mai daga wani ɗan gwangwani. Yakan mayar. Yakan ja eriya. Can sai ya tuna da wani abu.

"Akwai ashana. Kullum sai ya ce in ba shi tsinken ashana. Yakan sa shi a nan, tsakanin farfela da bakin bututu, ya ɗaure kusa, sa'an nan ya zare tsinken ya yar. Ni na ɗauka datti yake cirewa."

Muntaka ya dafe kai. Ya ciro igiyar da aka ɗaure kwalin da ita, ya ba Ɗanmaliki baki ɗaya.

"Riƙe da kyau." Ya shiga murza ta ta gefen tufka. Igiyar ta ɗame, ta ɗame, sai ga hannun Ɗanmaliki yana matsowa wajensa. "Ka ji tana jan ka? In ta ɗame gajarta take yi. Haka wayar nan. Da ka sake mata wuta duka ta ɗame ta jawo farfela ciki, ni kuwa na matse farfelar ban bar mata wurin matsowa ba. Ta ciji bakin bututu ta tsaya, inji bai tsaya ba. Dole waya ta tsinke. Laifina ne, Yaya, ba na jirgi ba."

"To yanzu fa?"

"Yanzu a samo mini wuta."

Ya zaro ragowar wayar daga jaka. Wata mai suyar kifi ta matsa masa gefen murhunta ya sa ƙarfen dalma a garwashi. Ya yanka, ya shafe bakuna, ya goge bakin bututun da ɗan zarto, ya cusa giris. Aka kira la'asar suka yi salla a nan bakin ruwa tare da masunta. Ƙasimu ma bai tafi ba, ya sami inuwa yana cin kifi. Da aka idar Barau ya miƙo ashana. Ɗanmaliki da kansa ya sa tsinken, Muntaka ya ɗaure kusa, aka zare. Ɗan sarari ya rage, da ƙyar ido ke ganinsa.

"Ka fara a hankali," in ji Muntaka. "Kamar ka ɗauko mota cike da ƙwai."

"Ni za ka koya wa tashi da mota?" in ji Ɗanmaliki, karo na farko da ya yi murmushi tun azahar.

Jirgin ya fita a natse. Ɗanmaliki ya ƙara masa wuta kaɗan kaɗan, har ya ɗaga hanci, har sandan ya kai ƙarshe. Muntaka ya kasa kunne, ba ya kallon ruwa ma, ƙarar injin kawai yake saurare. Ba ta canza ba. Jirgin ya wuce inda ya mutu ɗazu, ya ƙara gaba. Can akwai wani busasshen itace da ruwa ya ci rabinsa. Ɗanmaliki ya karkata sandan. Ɗigon ja ya zana baka a bayan itacen, ya ɓace, ya fito ta ɗaya gefen, hancinsa yana kallon gaɓa.

"Yana dawowa!" in ji Barau. "Wallahi yana dawowa!"

Waɗanda suka fara tafiya suka juyo a guje. Mai suyar kifi ta rangaɗa guɗa. Ɗanmaliki bai kawo shi kai tsaye ba. Ya zagaya da shi kwalekwalen Barau sau biyu, ya bi da shi gefen gaɓa yana watsa wa mutane ruwa a ƙafa, ya sake fita da shi tsakiya ya dawo. Sa'an nan ya rage wuta, ya kawo shi a hankali, ya tsayar da shi daidai gaban takalman Ƙasimu, hancinsa ya taɓa yashi.

Ƙasimu ya dubi jirgin, ya dubi taubashinsa. Ƙashin kifi na hannunsa bai san ya yar ba.

"To, ga shi ya iso," in ji Ɗanmaliki. "Amsa masa sallama."

Dariyar da aka yi ta fi ta gindin durumi. Ƙasimu ya naɗe lemarsa, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a ku shaida, na janye. Shekara biyu ina ƙaryata mutumin nan, ashe gaskiya yake faɗa. Ɗanmaliki, ka yafe ni."

"Na yafe. Amma ba ni na yi ba. Ga Muntaka nan, da ƙanwata Hajo a Rogo, ita ta gano tufkar."

Muntaka ya durƙusa ya taɓa gindin farfelar da bayan yatsa. Sanyi ƙalau. Sai a lokacin ya ji yunwa ta taso masa, ya ce wa mai kifi ta zuba masa manya guda biyu da yaji.

Yana cikin ci ya ji Ƙasimu yana lallashin Ɗanmaliki a ba shi rimot ya ɗan taɓa, sau ɗaya tak. Ɗanmaliki ya ja masa rai, sa'an nan ya miƙa, ya nuna masa dama da hagu. Ƙasimu ya tura sandan, jirgin ya fita, sai Ƙasimu ya rikice ya karkata shi inda bai nufa ba, jirgin ya shige cikin ciyawar bakin ruwa ya maƙale. Muntaka ya yi tsalle ya kashe wutar kafin ciyawa ta naɗe farfela.

Barau ya tashi zai ɗauko, Ɗanmaliki ya riƙe masa hannu.

"Zauna abinka. Direban da ya jefa mota rami shi ke fito da ita."

Ƙasimu ya duba hagu ya duba dama, bai ga mai ceto ba. Ya tuɓe babbar rigar ya ba Muntaka riƙo, ya naɗe wando har gwiwa, ya shiga ruwan yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe, yana faɗin a dai riƙe masa lemarsa da kyau.